Baba Desmond da Zaman Makokin Aro

A bakin kakata na fara jin sunansa, cikin addu'ar safe, ina 'yar shekara shida a Bukuru. Ngo Martha tana da tsarinta. Ta kan fara da marasa lafiya, ta bi da matafiya da masu jarrabawa, ta ɗan taɓa gwamnati, sai can ƙarshe ta ja numfashi ta ce, "Da Dung, wanda yake Amurka yana abin da yake yi." Mu ce amin. Ba ta taɓa bayyana wa Allah ko mene ne abin ba, ta ɗauka ya riga ya sani. Ni dai na taso da tunanin mutumin yana kurkuku.

Da na shiga sakandare aka damƙa mini hotunan gida da takardun baftisma, saboda an lura ba na yar da takarda. A ƙasan gwangwanin da ake ajiye su na tarar da wani hoto da aka kife. Wani mutum ne kwance a ƙasa da farar riga, ƙirjinsa jajir, wata Baturiya ta durƙusa ta rungume kansa, su biyun kowa bakinsa a buɗe. A bayan hoton an rubuta da biro: "Yaya, ga ni a wurin aiki." Na kai wa Ngo. Ta karɓa, ta sake kife shi, ta ce in je in duba wake a wuta.

Dung ƙanenta ne, autansu. Mahaifiyarsu ta rasu yana ɗan shekara huɗu, Ngo ce ta raine shi. A goye take zuwa da shi koyon waƙar kwaya, kuma ita ta fara nuna masa yadda mutum zai riƙe tasa muryar yayin da na kusa da shi ke rera wata dabam. A shekarar 1983 ya samu gurbin karatun haɗa magunguna a Washington. Duk unguwa ta raka shi tasha. A shekararsa ta biyu wani malamin waƙa ya ji shi a coci yana ɗaukar teno, ya tare shi a bakin ƙofa, kuma daga nan maganar magani ta ƙare. Ya koma amfani da sunansa na baftisma, Desmond, ya shiga abin da ake kira opera.

Shi ya yi mini bayaninta da kansa daga baya. Wasan kwaikwayo ne da ba a magana a cikinsa. Komai rerawa ake yi, ko da ruwan sha mutum zai roƙa, ga makaɗa kusan arba'in a wani rami gaban dandali. Teno shi ne namiji mai muryar da ke hawa sama. Shi ake ba wa soyayya, saboda haka shi ake kashewa. Ya ce an soke shi da wuƙa, an ba shi guba, an harbe shi, sau ɗaya ma an binne shi da rai. A lissafinsa ya mutu sau ɗari biyu da goma sha huɗu, kuma bayan kowace mutuwa, washegari ƙarfe takwas tana samunsa a ofis. Waƙar ba ta taɓa ciyar da shi ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana jera fayil a ƙasan wani ginin gwamnati a Southwest Washington, inda abokan aikinsa suka yanke hukuncin asma ke damunsa, ganin kullum wuyansa a naɗe, ran Juma'a kuma ba ya magana, alhali muryarsa yake adanawa.

Bai kai manyan gidajen wasa ba. Wata ƙaramar ƙungiya ce ya yi wa waƙa, masu hayar wani tsohon sito kusa da kogi. Yana da shekara hamsin da shida muryar ta fara barinsa, daga sama ta fara zubewa. Likita bai ga komai ba. Ƙungiyar ba ta so ta rabu da shi, sai aka ba shi tsara wasa: shi ke faɗin ta inda kowa zai shigo, inda zai tsaya, wa zai kalla, yaushe zai faɗi. Ya ce aikin ya fi masa sauƙi a gwiwa.

A 2017 muka zo Amurka ni da Ngo, wurin 'yarta Anti Linda da ke aikin jinya a Largo, kusa da Washington. Ranar da ya zo gaishe mu na ga wani gajeren dattijo mai furfura, da gyale a wuya cikin zafin Yuli. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da yayarsa. Ni kuwa, da yake jika ce, ya dube ni sama da ƙasa ya ce wannan ce amaryar da aka kawo masa, ko kayan ɗaki babu. Na ce ni ba na auren mutumin da ya saba mutuwa. Ya yi dariya har da tari. Daga ranar na zama "uwargida" a bakinsa, shi kuma Baba Desmond.

Abu ɗaya yake so a duniya, kuma kowa a gidan ya sani: Ngo ta zo sau ɗaya ta ga aikinsa. Duk lokacin da za a buɗe sabon wasa zai zo da tikiti biyu cikin ambulan, ya ajiye kusa da Littafi Mai Tsarki nata. Ngo ba ta taɓa ce masa a'a ba. Ta kan ce Allah ya kai mu. Idan Allah ya kai mu, sai ciwon ƙafa ya tashi, ko a ce akwai taron Zumuntar Mata, wanda ita ce shugabarsa a ikilisiyarmu ta garin Clinton, kuma ita ke sa ranar taron. Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce ita ta aika yaro ya koyi warkar da mutane, ba za ta hau jirgin ƙasa ta je ta kalle shi yana birgima da matan mutane ba. Na ce ai yanzu ba ya birgima. Ta ce to wasu yake koya wa. Tikitin ni nake adanawa. Shekara biyar ana haka.

A 2022 aka ba shi wani sabon wasa da wata malamar kiɗa ta nan yankin ta rubuta. Labarin wani masunci ne da ruwa ya ci, aka kawo gawarsa gida. Tsakiyar wasan zaman makoki ne, kuma nan ya maƙale. Ya kan biyo ta gidanmu bayan gwaji ya zauna a kicin yana ƙorafi. Ya ce yaran kwayarsa duk sun iya waƙa, amma ba wanda ya taɓa zaman makoki. Da an shigo da gawa sai su kewaye ta a tsaye, kowa ya ɗaga hannu sama, kowa ya murtuke fuska iri ɗaya, kamar masu jiran bas da ya yi latti. Ya gwada ce musu su tuna kakanninsu da suka rasu. Wata ta ce tata kakar tana Florida tana wasan tanis.

Ana cikin haka mahaifin Raymond, ma'ajin cocinmu, ya rasu a gida Najeriya, aka yi zaman gaisuwa a gidan Raymond da ke Clinton. Baba Desmond ya zo, ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, ya samu kujera a lungu. Can na hango shi ya fito da fensir da ɗan littafi. Yana kallon mata suna shigowa, suna cire takalmi, suna zubewa a kan kafet, a yi gaisuwa ƙasa-ƙasa, a yi shiru mai tsawo. Wata tana gyangyaɗi. Wata ta tashi ta shiga kicin ɗin da ba nata ba ta hau wanke-wanke. Wata tana ɓare gyaɗa tana miƙa wa ta kusa da ita ba tare da ta dube ta ba. Shi kuwa sai rubutu yake yi. Kafin magariba magana ta zagaya cewa ƙanen Ngo Martha yana rubuta sunayen waɗanda suka zo da waɗanda ba su zo ba. Mutum uku da ba su yi niyyar zuwa ba suka iso da sauri.

Abin da yake so shi ne mata shida daga Zumunta su hau dandali. Ba za su rera komai ba, zama kawai za su yi irin wanda suka saba. Matan suka ce su ba su da matsala, amma sai abin da Ngo ta ce. Ina kicin ranar da ya zo mata da maganar, kuma na lura bai zo da ambulan ba. Bai ce ta zo kallo ba. Ya ce yana da wata damuwa ne a wurin aiki: akwai yarinya da mijinta ya mutu a ruwa, an kawo gawa, mutane sun cika ɗakin, amma an bar ta a tsaye a tsakiya.

"A tsaye?" in ji Ngo.

"A tsaye, Yaya. Kusan minti ashirin."

"Ba wanda ya shimfiɗa mata tabarma?"

"Ba su san ana yi ba."

Ngo ta san wasa ne, ba wai ta ruɗe ba. Amma ta juya cokali a kofi, sannan ta ce ko a wasa akwai abin da bai kamata yara su gani su ɗauka haka ake yi ba. Ta tambayi ranar da ake gwajin, ta ce da ita za a cika shidan. Ni aka sa in riƙa kai su da motar Anti Linda.

Ranar farko suka sauka da kuloli biyu na gwate da jarkar kunu, don ba a zuwa gidan rasuwa hannu sake. Mai kula da sito ya ce ba a shiga da abinci. Bayan rabin awa na gan shi a bayan labule da kwano. Ngo ta nemi a nuna mata matar mamacin. Aka kawo Diana, wata doguwar yarinya 'yar Baltimore mai murya kamar ƙararrawa. Ngo ta riƙe hannunta biyu ta yi mata gaisuwa da Hausa, cikakkiya, har da "ya ƙarin haƙuri", ni ina fassarawa. Sannan ta sa ta cire 'yan kunne. Saurayin da ke fitowa a matsayin gawa yana kwance a kan katako yana danna waya. Ngo ta wuce ta gefensa ta ce masa sannu da kwanciya.

Rigima ta farko a kan tabarma aka yi ta. Diana ta ce ba za ta iya kai muryarta sama tana zaune a ƙasa ba, numfashi ba zai ishe ta ba. Ngo ta ce in gaya mata su a Zumunta suna rera waƙa a zaune, da jariri a cinya, kuma ana jin su daga bakin titi. Baba Desmond ya shiga tsakani da fensirinsa, aka sasanta a kan wata 'yar gajeriyar kujera irin ta tsakar gida. Aka gwada. Muryar ta fita, har ta fi ta da taushi. Daga nan yaran kwaya suka daina kallonsa idan an tsaya, suka koma kallon Ngo. Ta hana su ɗaga hannu. Ta raba musu aiki: wannan ya shigo da itace, wannan ta zauna ta yi shiru, wancan ya fita ya dawo kamar ya manta abin da ya fita nema. Baba Desmond yana zaune a layi na biyar yana cewa haka ne, haka ne, fuskarsa kamar ta yaron da aka zo makarantarsu ranar ba da kyauta.

Wuri ɗaya ne suka kasa daidaitawa. A rubuce, bayan makoki kowa zai fita, a bar matar ita kaɗai da gawa, ta rera babbar waƙar wasan, minti tara. Ngo ta ce ba a yin haka. Ba a barin wadda mijinta ya mutu ita kaɗai a ranar farko, ko bayan gida za ta sai an raka ta. Ya yi mata bayani cewa duk wasan a kan wannan kaɗaicin aka gina shi, haka marubuciyar ta tsara, fitila ma an saita ta a kan mutum ɗaya. Ngo ta ce marubuciyar tana da aure? Ya ce bai sani ba. A ƙarshe ya roƙe ta, da muryar da ban taɓa jin ya yi amfani da ita ba, ya ce wannan kaɗai ta bar masa. Ta ce to. A duk gwajin da aka yi bayan nan tana tashi ta fita tare da kowa, tana jan ƙafa, ita ce ta ƙarshe.

Aka buɗe wasan wata Lahadi da ƙarfe uku, don matan su samu zuwa daga coci. Ina zaune kusa da shi a can baya. Komai ya tafi daidai. Aka shigo da gawa, matan Zumunta suka zauna da zannuwansu na gida, ɗaya daga cikinsu, Mama Becky, har gyangyaɗinta ta yi a inda aka tsara mata, ko da yake ina zaton na gaske ne. Kiɗa ya sauka. Mutane suka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Matan biyar suka tashi suka fita. Ngo ta gyara zama.

Na ji Baba Desmond ya kama hannun kujera. Ƙasa-ƙasa yake cewa, "Tashi, Yaya. Yaya, tashi." Mai ba makaɗa hannu ya ɗan jira, ya ga ba abin da zai canza, ya ci gaba. Diana ta fara waƙarta. Fitila tana kanta, Ngo tana bayanta a gefen hasken, ƙafafu a miƙe, hannu a cinya. Ba ta yi komai ba. Ba ta kalli jama'a ba, ba ta kalli gawa ba. Wajen tsakiya ɗankwalin Diana ya zame, Ngo ta miƙa hannu ta gyara mata, ta mayar da hannunta cinya. Da waƙar ta ƙare ba a yi tafi nan da nan ba. Matar da ke gabana, wata tsohuwar Baturiya, tana ta laluben jakarta tana neman hankici.

Ranar Talata wata jaridar unguwa ta rubuta a kan wasan. Marubucin ya ce a shekara talatin da yake zuwa wannan sito bai ga dabara irin ta barin tsohuwar nan a dandali ba, kuma wannan ya nuna Desmond Dung ya kai matsayin da ya kamata manyan gidaje su neme shi. Shi ne yabo mafi girma da aka taɓa yi masa a rubuce. Marubuciyar wasan ta kira Baba Desmond ta ce ya kamata ya shawarce ta tukuna, amma ta yarda ya fi ta gaskiya. Bai gaya wa kowannensu yadda aka yi ba. Ya ce a bar shi haka a sauran ranakun. Na yanke shafin na adana.

Bayan wasan ƙarshe muka taru a gidan Anti Linda cin abinci. Baba Desmond ya sa babbar riga. Ya jira har aka kwashe kwanuka, sannan ya tambayi Ngo, yana wasa da cokali kamar tambayar ba ta dame shi ba, yadda ta ga aikin nasa.

Ngo ta ce yarinyar nan Diana tana da ladabi, kuma a gaya mata ta riƙa cin abinci. Ta ce makaɗan sun yi ƙoƙari. Sannan ta juyo ta dube shi da gaske, ba da faɗa ba.

"Amma kai, Dung, sati uku ina zuwa wurin nan, ban ga abin da kake yi ba. Kana zaune da fensir. Wanda ya mutu ma wani ne. Ba cewa aka yi kai mawaƙi ne ba?"

Ya ce da can ne.

"To ni ban ji ba," in ji ta. Ta ce a miƙo mata ruwa.

 Anti Linda ta tashi ta shiga kicin. Shekara kusan talatin yana waƙa tana Bukuru, da ta iso kuma ta yarda ta taka ƙofar, abin da ya rage a gani shi ne dattijo a layi na biyar. Na san ba don ta ɓata masa rai ta faɗa ba. Tambaya ce ta yi, kuma amsar da ya bayar ba ta gamsar da ita ba.

Manyan gidajen ba su neme shi ba. Ya ƙara tsara wasa biyu a siton nan, sannan ya ajiye aiki a bara, gwiwa ta ƙi hawa matakala. Yanzu yana wani ɗan gida a Clinton, yana koya wa kwayar cocinmu numfashi ranar Asabar, suna kiransa Maestro, wato gwanin waƙa, suna dariya, shi ma yana yi.

Da na raka shi mota a ranar cin abincin nan, ya daɗe yana neman makulli a aljihun da babu makulli. Sannan ya buɗe akwatin gaban mota ya ciro wani faifan CD marar hoto, an rubuta 1998 a kansa da jan alƙalami. Ya ce wani ne ya naɗa daga cikin 'yan kallo, har tarin mutane ana ji, amma a ranar muryar tana nan duka. Ya san ni nake kai Ngo gashin ƙafa asibiti duk Alhamis.

"Uwargida, abu ɗaya za ki yi mini," ya ce. "Ki sa mata wannan a mota. Kada ki ce ni ne, kada ki ce komai, ki yi kamar rediyo ne. Waƙa ta uku za ki sa, minti huɗu ce, daga gida zuwa fitilar babban titi ya isa. Idan ta ce ki kashe, ki kashe, kuma kada ki gaya mini. Idan ta yi shiru har waƙar ta ƙare, ki kira ni."